Lauyan da Ka Tarar a Falon Mai Gida Ba Naka Ba Ne

Ranar da Yayana ya sayi gida a Kubwa ina wurin, har da sa hannuna a matsayin shaida, don haka ba ni da bakin yi masa gori. Ranar Asabar ce bayan la'asar. Muka zauna a falon gidan da za a sayar, an kwashe kujeru, sai tabarma da wata fanka mai ƙugi. Dillalai uku ne: na mai gida, na Yaya, da wani na ukun da har yau ban san wanda ya gayyato shi ba. Ga wanda ake kira mai gida, matashi da bai kai arba'in ba, sai lauya cikin baƙar kwat duk da zafin watan Maris, ya ɗora jaka a cinya. Ya zaro takarda shafi huɗu, ya nuna wa Yaya inda aka ɗiga da fensir, ya ce, "Alhaji, nan, da nan, da nan." Yaya ya sa hannu, ni ma na sa. Aka tura kuɗi, mai gida ya leƙa wayarsa ya ce sun shigo, aka shafa fatiha. Dillalai suka fita ƙofar gida rabon la'ada, muna jiyo hayaniyarsu.

Cikin abin da Yaya ya biya akwai kashi 5 cikin ɗari na la'ada, da wani kashi 5 da aka ce kuɗin lauya ne. A hanyarmu ta komawa, yana tuƙi yana murmushi, ya ce da ni, "Ka ga amfanin yin abu bisa ƙa'ida ko? Har da lauya."

Wata goma sha ɗaya bayan nan sammaci ya iso. Ashe gidan na gado ne. Mai shi ya rasu shekara huɗu kafin cinikin, ya bar mata biyu da ƴaƴa tara, kuma ba a raba ba. Babban ɗa ne ya ɗauko takardun daga ɗakin mahaifinsa ya sa gidan a kasuwa, ƙannensa mata da ke aure a Zariya ba su ji labari ba sai a bakin wata maƙwabciya. Da Yaya ya koma wurin lauyan nan, amsar da ya samu ita ce, "Alhaji, ni yarjejeniya aka ce in rubuta, kuma na rubuta. Ba ka ce in yi maka bincike ba." Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Mai sayarwa ne ya kawo shi, shi yake yi wa aiki. Yaya biya kawai ya yi.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni yaushe ake buƙatar lauya a cinikin gida ko fili a Abuja, abin da nake gaya masa shi ne tun kafin ya ba da kafin alƙalami, kuma lauyan ya zama shi ya nemo shi da ƙafarsa. Ranar sa hannu aikin lauya ya riga ya wuce. Wanda ya zo ranar, hatimi ya kawo.

Na san abin da ke hana mu. Bahaushe ba ya son lauya, kuma ba tun yau ba. A kunnenmu sunan ma ya yi daidai da lauya zance, wato a murɗe magana ta bar inda ta dosa. Lauya a wurinmu abokin kotu ne, ana nemansa in rigima ta ɓarke. In kana cikin ciniki ka ce bari ka kira lauyanka, nan take fuskar mai kaya za ta canja, dillali ya matso kusa da kai ya rage murya: "Haba Alhaji, wannan fa mutumin kirki ne, masallacinmu ɗaya. Ga wani can ya zo da kuɗinsa a hannu, don kai ne na hana." Sai kunya ta kama ka. Mutumin da zai shafe sa'a guda a kasuwar Dei-Dei yana ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe don ya ji kaurinta, shi ne zai tura miliyan talatin a kan hoton takarda da aka aiko masa ta WhatsApp, don kada a ce ya zargi Musulmi ɗan'uwansa.

To amma tsarin da muka gada ba na sakarci ba ne, kuma ina ganin nan ne asalin kuskuren yake. A cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya, in za ka sayi gida akwai mai unguwa, akwai dattawan layi, akwai liman. Sun san wanda ya gina gidan, sun san ƴaƴansa da jikokinsa, sun san katangar da aka taɓa yin shari'a a kanta tun zamanin En'e. Ba wanda zai sayar da gidan marayu a bayan idonsu. Binciken da muke cewa ba mu saba da shi ba, mun daɗe muna yin sa, kawunan mutane ne rumbun ajiyarsa. Da muka zo Abuja muka taho da fatiha da shaidu da la'ada, amma ba mu taho da waɗancan dattawan ba. Maƙwabcin gidan da za ka saya a Gwarimpa ɗan haya ne da ya tare bara. Tarihin gidan yana cikin fayil a ofishin gwamnati, kuma dole wani ya je ya buɗe fayil ɗin ya karanta da idon wanda ya san abin da yake nema. Gurbin mai unguwa lauya ya shiga a garin nan, ko muna sonsa ko ba ma sonsa.

Ƙasar Abuja ma dokarta daban take. Tun dokar soja ta 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, duk ƙasar da ke cikinsa ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya maimaita haka. A shari'ar Madu da Madu ta 2008, Kotun Ƙoli ta faɗa ƙarara cewa ba yadda mutum zai mallaki fili a Abuja in ba Ministan Abuja ne ya ba da shi ba. Takardar C of O da muke ɗauka kamar ta har abada, izinin zama ne na shekara 99, da sharuɗɗa a jikinsa: ka biya harajin ƙasa duk shekara, ka gina cikin wa'adi, ka yi abin da aka ware filin dominsa. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da irin wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, a nan Abuja kuwa ta minista, kuma cinikin da aka yi ba da ita ba ɓatacce ne. Kada a ɗauka barazana ce ta takarda. A 1989 banki guda, Savannah, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a shari'arsa da Ajilo, don jinginar da ya karɓa ba ta da amincewar gwamna. In banki mai rundunar lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan kasuwar Wuse?

Saboda neman amincewar nan yana cin kuɗi da lokaci, ƴan Abuja suka samo hanyar kewaye, kuma wannan hanyar ce na fi jin tsoro. Ana rubuta takardar wakilci, wadda dillalai ke kira fawa of atoni, mai fili ya ce ya wakilta ka ka yi duk abin da ka ga dama da filin, kuma ba zai janye ba. Kai ma in ka tashi sayarwa ka rubuta wa na gaba irinta. Akwai filin da za ka tarar ya bi hannu biyar ko shida a haka, takarda kan takarda an ɗinke da zare, alhali a fayil ɗin AGIS, ofishin bayanan filayen Abuja, sunan mutumin farko ne, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da mallaka daga wani zuwa wani. Wakili wakili ne. Shi ya sa lauyan kirki zai haɗa maka da takardar miƙa mallaka, ya sa mai fili ya sa hannu a wasiƙar neman amincewar minista tun yana zaune a gabanka, ya kuma matsa maka ka kai takardun a yi musu rajista. Mu kuwa da zarar makulli ya shigo hannu sai mu jefa takardu a akwati, mu ce sai an samu sarari.

Wanda yake ganin wannan sakaci ba ya cutarwa, ya tuna abin da ya faru a 2023 da 2025. A watan Satumba na 2023, wata ɗaya da hawan Nyesom Wike kujerar minista, aka soke filaye 165 saboda ba a gina su ba. A watan Maris na 2025 aka soke takardu 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya harajin ƙasa ba. Sunayen da ake bugawa a jarida na waɗanda ke cikin fayil ne. In ka sayi fili ba ka mayar da sunanka ba, za ka iya karanta jerin daga farko har ƙarshe ka yi hamdala, alhali naka yana ciki da sunan wani Cif da ba ka taɓa gani ba. Kuma wanda aka soke wa fili ba ya rataya allo a jikinsa. Takardar asali tana hannunsa, fes, da hatiminta da sa hannun minista. Zai iya miƙa maka ita gobe.

Nan ne binciken yake da rana. Lauyanka zai nemi a duba fayil a AGIS, ofishin da aka kafa lokacin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja don tattara bayanan filayen Abuja a kwamfuta, ya ga ko sunan da ke ciki shi ne na mutumin da ke zaune a gabanka, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke, ko akwai bashin haraji, ko wani ya shigar da ƙorafi a dakatar da duk wani ciniki a kai. In kamfani ne ke sayarwa, ya leƙa Hukumar Rajistar Kamfanoni ya ga su wa ke da ikon sa hannu. Ya bincika ko akwai shari'a a kan gidan. Sannan ya haɗa ka da safiyo ku je wurin da ƙafa, a gwada lambobin da ke jikin takarda da ƙasar da aka nuna maka, domin wata tsohuwar dabara ita ce takarda ta gaskiya, fili na wani. A kai ka bakin titi a nuna maka fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ranar da ka kawo bulo ka gano naka yana can cikin kwari inda ruwa ke bi. In ba a yi wannan ba, cinikin biri a sama aka yi, ko da lauya goma suka sa hatimi.

Gidan gado kuwa, wanda shi ya ci Yaya, tambaya ɗaya ce da ta tsirar da shi: ina mai sunan da ke jikin takardar? In an ce ya rasu, sai a kawo takardar kotu ta rabon gado da ke nuna wanda gidan ya faɗa wa, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan duk wanda ke da haƙƙi ya sa hannu, har matan aure da ke nesa, a kuma san wanda ke tsaya wa yaran da ba su balaga ba. Abin kunya ne a ce mu, da muka fi kowa sanin cewa ɗiya mace da matar mamaci suna da rabonsu a rubuce, mu ne za mu sayi gida a hannun babban ɗa don kawai shi ke riƙe da makulli. Ni da na sa hannun shaida na ga sunan da ke kan takardar ba na yaron ba ne. Aka ce na Baba ne, na gyaɗa kai.

Gidajen rukunin da kamfanoni ke ginawa a Lokogoma da Lugbe da makamantansu ba zan daɗe a kansu ba. Abin da kamfani ke ba ka wasiƙarsa ce, asalin takardar ƙasar tana sunansa. In tasa ta samu matsala, taka ta samu. Takardarsa za a bincika, ba hoton gidan da ke jikin talla ba.

Inda maganata ke rauni, kuma na yarda da rauninta, shi ne filayen ƙauyukan gefen gari, irin su Mpape da Kabusa da Gwagwa da Jiwa. Can ne talakanmu yake. Mai shayi, direba, mai gadi, lebura, sun tara ɗan abin da suka tara, sun je wurin ƴan asalin ƙasa, Gbagyi ko Gwandara, an auna musu ƙafa hamsin, sarkin ƙauye ya buga hatimi. In ka kawo lauya nan, abin da zai ce maka ɗaya ne: a idon doka ba ka sayi komai ba, ranar da ma'aikatan kula da gine-gine suka zo da jan fenti ba ka da inda za ka kai ƙara. Waɗanda suka ga rusau ɗin Karmo zamanin El-Rufai ba sa buƙatar a ba su labari. Na taɓa faɗa wa wani makanike da nake kai wa mota haka, yana kwance ƙarƙashin motar ya amsa mini: "Oga, na sani. In na yi shekara shida ba su zo ba, na ci kuɗin hayata." Ban sami abin ce masa ba. Lissafi ya yi, ya san caca yake yi, kuma gwamnatin da ba ta tanadar masa wurin zama ba ita ta tura shi. Wanda nake tausayi shi ne wanda bai san caca ba ce, ya zuba kuɗin sallamarsa na aikin shekara talatin da biyar ya ɗora bene a kan takardar sarki. Shi ko zaman rabin sa'a da lauya da ya canja masa shawara.

Takardun da ƙananan hukumomin Abuja shida suka raba a da, su ma a tsaka-tsaki suke. Tun 2006 aka ce a kai su a tantance, kuma kaɗan ne ƙwarai suka fito. Wanda ya nuna maka takardar shaidar cewa ya miƙa tasa, shaidar miƙawa ya nuna maka kawai. In kuma ka tsallaka Mararaba ko Masaka ka shiga Nasarawa, Madalla da Suleja kuma Neja ce, can gwamna ne mai magana, ofishin filayensu daban. Mutane da yawa suna cewa sun sayi fili a Abuja, ba su ma san jihar da filin yake ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce hujjar da kowa ke fakewa da ita, kuma ba hujjar banza ba ce. Ƙa'idar kuɗin aikin lauyoyi da aka fitar a 2023 ta sa mafi ƙarancin abin da lauyan mai saye zai karɓa, a kadarar da ba ta kai miliyan 50 ba, kashi 10 cikin ɗari. A ganina wannan ya yi yawa ga mai sayen ɗan gida, kuma irin wannan tsadar ce ke kora mutane wurin masu buga takarda a shagon kwamfuta, duk da doka ta ce lauya ne kaɗai zai rubuta takardar cinikin ƙasa a biya shi. Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dillali yana karɓar kashi 5, wani lokaci 10, don ya nuna maka ƙofa, kuma ba ya samun sisi sai ciniki ya faɗa, don haka duk aibin da ya gani zai haɗiye. Ba mu taɓa cewa la'ada ta yi yawa har mu fasa ba. A duk mutanen da ke falon nan, wanda ka biya don ya yi bincike shi kaɗai ne ba ya asarar komai in ya ce maka kada ka saya. Shi ya sa nake ba da shawarar a raba aikin biyu: a yi jinga da shi a kan bincike tukuna, a biya shi ko an saya ko ba a saya ba, maganar rubuta takardu ta biyo baya. In ka ɗaura ladansa a kan faɗuwar ciniki, ka ƙara dillali na huɗu ne.

Lauyoyin ma ba mala'iku ba ne. Akwai masu sayar da hatimi, akwai waɗanda ba su taɓa taka ofishin filaye ba, akwai ma waɗanda ba lauyoyi ba ne, kwat ɗin kawai suka saya. Ka nemi wanda harkar ƙasa ce aikinsa, ka ce ya ba ka sakamakon binciken a rubuce da sa hannunsa da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. Wanda ya rubuta ya sa hannu ya san akwai kwamitin ladabtarwa da za a iya kai shi. Kuma a bar ɗaukar kuɗi a jakar Gana-mas-go. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, ban da cewa asusun da kuɗin ya shiga shi ne shaidar da ba ta mutuwa, ba ta kuma yin tafiya. Ya zama asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba.

Ba kowace hulɗa ce ke son lauya ba. Mai kama ɗaki da falo a Nyanya na shekara guda, rasit da ƴar yarjejeniya da ya karanta ya fahimta sun ishe shi. Amma duk inda mallaka za ta tashi daga hannu zuwa hannu, ko tsakanin wa da ƙani ne, ni dai na daina jin kunya. Tsakanin ƴan'uwa ma ya fi, domin su biyun da suka yarda da juna ba su ne za su yi shari'ar ba, ƴaƴansu ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, maganar rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take yi, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda amanarsu ta fi tamu.

Yaya dai yanzu yana da lauya, wata baiwar Allah ce da ba ta da yawan magana. Ana ƙoƙarin sulhu, magada sun ce ko ya biya su rabonsu a farashin yau ko ya bar gidan, shi kuwa babban ɗan kuɗin sun daɗe da narkewa, wayarsa ma ba ta shiga. Ranar farko da muka je ofishinta, ta jera takardun a tebur ta karanta shafi huɗun nan a nitse, ta kai ƙarshe ta sake komowa farko. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, kafin ka biya, wa ya duba maka takardun nan?"

Yaya bai ce komai ba. Juyowa ya yi ya dube ni.